Tare ruwan sama inda ya sauka

1. Bayan ruwa

A ƙarshen watan Yuni, ana gab da babban hutu, aka yi ruwa mai ƙarfi a wani ƙauye na ƙasar Adar. Hadari ya taso daga gabas da hantsi, ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Yaran makaranta suna cikin aji, suna leƙe ta taga. Filin makaranta ya cika da jan ruwa. Ruwan ya bi gangare, ya fita ta ƙofa, ya faɗa kwazazzabon da ke bayan gari.

Da ruwa ya ɗauke, malam ya fito da yaran waje. Ya ba wani yaro hauya, ya ce ya sari tsakiyar fili. Yaron ya sara. Laima ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba. Ƙarƙashinta ƙasa busasshiya ce, kamar ba a yi ruwa ba.

Malam ya ce: "To, yara, ina ruwan da aka yi ɗazu?"

Wata yarinya ta ce: "Malam, ya tafi ƙorama."

"Shi kaɗai ya tafi?"

Wani yaro ya ce: "A'a, Malam, ya tafi da ƙasa. Shi ya sa ya yi ja."

Malam ya kai su gefen fili. Bara, ranar 3 ga watan Agusta, sun dasa itatuwa goma a wurin, kamar yadda ake yi a Nijar tun 1975. Duk tsawon rani yaran suna ɗauko ruwa daga rijiya suna ba su. Amma biyu kaɗai suka rayu. Sauran sun zama ƙirare.

Malam ya ce: "Kun sha wahalar ɗaukar ruwa a ka, ga shi kuwa yau ruwan da ya fi shi sau ɗari ya wuce a gabanku. Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu tare shi."

2. Ruwa nawa ke sauka?

A Nijar damana gajeriya ce. Ana samun ruwa daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa rani ne. Ana auna ruwan sama da milimita. A shekara mai matsakaicin ruwa, Gaya takan sami kimanin milimita 800, Yamai da Maraɗi wajen 500 ko fiye kaɗan, Damagaram da Tawa wajen 400 ko ƙasa da haka. Agadas ba ta kai 200 ba. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, ruwan ya ragu ƙwarai, hatsi bai yi ba, bisashe da yawa suka mutu.

Duk da haka ruwan da ke sauka ba kaɗan ba ne. In aka yi ruwa milimita ɗaya, to, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya sami lita ɗaya ke nan. Ga misali: aji mai rufin kwano, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7. Girman rufin murabba'in mita 63 ne. In aka yi ruwa milimita 400 a shekara, lita 25,200 ke sauka bisa wannan rufi. Wato bokiti 2,520 ke nan, irin mai cin lita 10. Rufin aji ɗaya kawai ke nan, ba a sa filin makaranta ba.

3. Ina ruwan ke tafiya?

Ruwan sama yana da hanya uku.

Hanya ta farko, gudu. Ɗigon ruwa yana da ƙarfi. In ya bugi ƙasar da ba ciyawa, ba ganye, sai ya daddaɓe ta, ta yi ɓawo a sama. Ɓawon nan yana hana ruwa shiga. Irin wannan wuri shi ake kira faƙo. Ruwan da ya rasa hanyar shiga sai ya bi gangare. Yana tafiya yana ƙara ƙarfi, yana kwashe ƙasa mai kyau da taki da iri. Haka kwazazzabo ke farawa, ƙarami, har ya cinye gona.

Hanya ta biyu, bushewa. Rana da iska suna shan laimar da ta rage a saman ƙasa. Wurin da ba inuwa, ba abin da ke kare iska, ya fi saurin bushewa.

Hanya ta uku, shiga ƙasa. Wannan shi ne ruwan da ke amfanin shuka. Saiwa tana sha, sauran kuma ya gangara can ƙasa, ya ƙara wa rijiya.

Saboda haka aikin mai gyaran fili a ƙasar fari shi ne ya rage hanya ta farko da ta biyu, ya ƙara ta uku. Ya tsai da ruwa, ya ba shi lokacin shiga ƙasa, sa'an nan ya rufe ƙasar don kada ta bushe da wuri.

4. Dabaru uku na tare ruwa

Tassa. Ƙaramin rami ne da ake haƙawa a faƙo da rani. Faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa wajen santimita 20. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a bakin ramin ta wajen gangare, don ta tare ruwa. Ana zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Iska takan ƙara da ganye da ƙura. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, ta bar ƙananan hanyoyi da ruwa zai bi. Da ruwa ya sauka sai a shuka hatsi ko dawa a ciki. In aka bar mita ɗaya tsakanin rami da rami, hekta ɗaya tana cin rami 10,000. Aiki ne mai wuya, shi ya sa aka fi yin sa da gayya.

Rabin wata. Rami ne mai faɗi, mai siffar rabin da'ira. Wanda aka fi yi faɗinsa mita 4, zurfinsa santimita 15 zuwa 25. Ana jera ƙasar da aka haƙo a bayansa, a daddaɓe ta, ta zama kunya mai lanƙwasa. Buɗaɗɗen bakin yana duban tudu, wato wajen da ruwa ke fitowa. In aka juya shi ya dubi gangare, ba zai kama ko ɗigo ba. Ba a jera su ɗaya bayan ɗaya sak. Ana saɓa su, yadda ruwan da ya bi tsakanin biyu na sama zai faɗa cikin na ƙasa. Rabin wata irin wannan yana iya riƙe lita 1,200 a ruwa guda. A cikinsa ana shuka hatsi, ko ciyawar bisashe, ko a dasa itace.

Jeren duwatsu. Inda akwai dutse, kamar ƙasar Adar, ana jera duwatsu a gicciye da gangare. Duwatsun ba su hana ruwa wucewa, amma suna karya ƙarfinsa. Ruwan yakan bi tsakaninsu a hankali, ya bar ƙasa da taki a baya. In aka dasa gamba a jikin jeren, ya fi ƙarko.

Dole jeren ya bi layin da ba hawa ba gangara. In ya karkata, ruwa zai taru wuri ɗaya ya fasa shi. Ana gano wannan layi da tiyo mai haske, wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Ana ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane iri ɗaya, a cika shi da ruwa. Mutum biyu su riƙe sandunan a tsaye. Ɗaya ya riƙa gusawa sama ko ƙasa, har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu. A nan ƙasar ta yi daidai. Sai a kafa turke, a ci gaba.

5. Inda aka gwada

Waɗannan dabaru ba a takarda suka tsaya ba. Manoma sun gwada su, sun ga amfaninsu.

A ƙasar Yatenga, a arewacin Burkina Faso, ana kiran tassa zai. Tsohuwar dabara ce. Wajen 1980 wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo ya gyara ta: ya ƙara wa ramin girma, ya sa taki, ya riƙa haƙawa tun da rani. Da farko mutane sun yi masa dariya. Daga baya faƙonsa ya zama gona, har ya zama daji mai itatuwa iri-iri. Ya sami babbar kyauta ta duniya a 2018. Ya rasu a 2023.

A 1989 wasu manoman Illela, a jihar Tawa, suka tafi Yatenga ziyara. Suka ga ramukan da idonsu, suka dawo gida suka gwada. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci. Gonaki da yawa ba su ba da kome ba, amma masu tassa sun sami hatsi. Daga nan maƙwabta suka fara koyi. Faƙon da a da ba mai so, sai ga shi ana saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi, cikin ƙasar Illela, ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka yi garake suna noman rani.

A Keita an fara wani babban aiki a 1984, da taimakon ƙasar Italiya. An jera duwatsu a kan tuddai, an haƙa ramuka a jikin duwatsu, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza da yawa sun tafi cin rani.

A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi-layi a gicciye da iska. Layukan suna karya iska, ƙasa ta daɗe ba ta bushe ba.

A jihar Maraɗi kuwa, a 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan can ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, suna sassabe sauran. Ba dashe, ba ban ruwa. Dabarar ta bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5.

6. Wane itace, a wane wuri?

Tare ruwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne zaɓen abin da za a dasa.

Akwai itatuwan da suka saba da ƙishirwa: aduwa, magarya, bagaruwa, kandili, ɗakwara, kalgo, anza, sabara. Waɗansu saiwarsu na nisa cikin ƙasa, waɗansu ganyensu ƙanana ne, ba su zubar da laima da yawa. In suka kama ƙasa, ba su ƙara bukatar ban ruwa. Gawo yana da wata baiwa: yana zubar da ganye da damana, ya yi sabo da rani. Ba ya hana shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin bisashe. Aguwa kuma tana yin shinge mai rai. Reshenta ake yankewa a kafa da rani, bisashe ba su cin ta.

Akwai kuma masu shan ruwa da yawa, kamar mangwaro da lemu da ayaba. Wurinsu fadama ne ko bakin rijiya. Wanda ya dasa su a tudu ya ɗaukar wa kansa aikin da ba ya ƙarewa.

Saboda haka ana raba fili kashi uku. Kusa da ruwa a sa masu sha da yawa da kayan miya. A tsakiya a sa masu bukatar taimako a shekarar farko, kamar zogale da dogon yaro. Can nesa a sa 'yan daji, su dogara da ruwan da ramukansu suka tara.

Ƙaramin itace yana son ban ruwa a ranin farko. Ga yadda ake yi ba ɓarna:

Ana ba shi da sassafe ko da marece. Ruwan tsakar rana, rana takan shanye wani kashi nasa.

Ana ba shi ya ƙoshi, sa'an nan a bar shi kwana uku ko huɗu. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ba ta bi ruwa ƙasa ba.

Ana rufe gindinsa da kara ko ciyawa ko busasshen ganye, amma a bar ɗan fili a jikin itacen saboda gara.

Ana binne tulun ƙasa a gefensa har wuya, a cika shi, a rufe bakin. Jikin tulu yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, kai tsaye zuwa saiwa. Irin tulunan da maginan Mirriya ke yi sun dace, ko da sun tsufa.

Ana gyara wurin alwala da wurin wankin hannu, a yi musu 'yar hanya zuwa gindin itace. Ruwa mai sabulu da yawa ba a kai shi ga kayan miya.

7. Filin makaranta

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, malam ya sa yara suka zana filin a allo. Suka nuna tudu da gangare, da inda indararo ke zuba, da hanyar da ruwa ke bi. Suka bar tsakiya don wasa.

Da bazara ta yi, mai gari ya kira gayya. Maza suka zo da diga da shebur, mata suka kwaso duwatsu, yara suka tara taki. Aka haƙa rabin wata goma sha biyu a gefen fili. Aka ja jeren duwatsu biyu a gicciye da gangare. Ƙarƙashin indararo aka shimfiɗa tsakuwa, aka yi 'yar hanya zuwa wani rami mai faɗi. Wani tsoho ya dubi inda yaran suka fara haƙa ramin, ya girgiza kai.

Ya ce: "Ku matsa da shi can, jikokina. Ruwa da ginin ƙasa ba su zama wuri ɗaya."

Yaran suka ce: "To, Baba." Suka matsa taki biyar daga bango.

Da damana ta sauka, rabin watan suka cika. Washegari ruwan ya shige ƙasa. Yaron da ya sari fili bara ya sake sara, a cikin rabin wata. Ya yi ta haƙa har hannunsa ya shige zuwa gwiwa, ƙasa tana nan da laima.

Ranar 3 ga watan Agusta suka dasa aduwa da magarya da gawo da bagaruwa, kowane a cikin rabin watansa, ba a tsakiyar ramin ba, a ɗan sama kusa da kunya. Suka kewaye kowane da ƙaya saboda awaki. Kowane itace aka ba yara biyu su kula da shi. A ranin da ya biyo baya, bokitin da suka ɗauka bai kai rabin na bara ba. Da hadarin farko ya taso, itatuwa goma cikin goma sha biyu suna nan da ganye. Biyun da suka mutu, awaki ne suka ture ƙayarsu. Yaran suka gyara ƙayar, suka sake dasawa.

A kiyaye

Tassa da rabin wata na faƙo ne. A jigawa yashi yana cike su, a fadama kuma ruwa yana yi wa shuka yawa.

Ba a haƙa rami kusa da bango ko katanga.

Ruwan da ya kwana uku bai shige ƙasa ba gidan sauro ne. Tulu da randa a rufe bakinsu.

Kowace bazara ana gyara kunyoyi, a kwashe ƙasar da ta cike ramuka, a ƙara taki.

Kalmomi

Faƙo: ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga, ciyawa ba ta fitowa.
Gangare: wajen da ƙasa ta sunkuya, inda ruwa ke bi.
Kwazazzabo: ramin da ruwa ya ci a ƙasa.
Indararo: hanyar da ruwa ke bi ya sauko daga rufin ɗaki.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Tambayoyi

1. Don me ƙasar filin makaranta ta kasance busasshiya bayan ruwa mai ƙarfi?
2. Waɗanne hanyoyi uku ruwan sama ke bi?
3. Wane aiki gara ke yi a cikin tassa?
4. Ina bakin rabin wata ke duba? Don me?
5. Me manoman Illela suka gani a 1990?
6. Don me tsoho ya ce a matsa da rami?

Lissafi

1. Rufin ɗaki yana da tsawon mita 6, faɗin mita 4. An yi ruwa milimita 30. Lita nawa ta sauka bisa rufin? Bokiti nawa ke nan mai cin lita 10?
2. Manomi yana haƙa tassa 200 a yini. Kwana nawa zai yi kafin ya gama hekta ɗaya mai rami 10,000? In mutum goma suka yi masa gayya, kwana nawa za su yi?

Aiki

1. A cika gwangwani biyu da ƙasa iri ɗaya, a zuba musu ruwa daidai. A rufe ɗaya da ciyawa, a bar ɗaya haka nan. A ajiye su a rana. Bayan kwana biyu a duba wanda ya fi laima.
2. A zana filin makaranta ko tsakar gida, a nuna hanyar da ruwa ke bi da inda za a iya tare shi.
3. A tambayi wani tsoho sunayen itatuwan da ke kewaye da gari lokacin da yana yaro. A rubuta waɗanda suka rage da waɗanda suka ɓace.